Ranar da Inna Kulu Ta Yi Mini Mai Ƙasa

Ku yaran unguwarmu da kuke zama a gindin dogon yaro kuna cewa ɗaura dish ba sana'a ba ce, wai hawa ne kawai da murɗa noti, ku matso ku ji daga bakin tsoho. Shekarata goma sha takwas, amma a wannan aiki shekara ɗaya a bisa kwano daidai take da goma a ƙasa, sai ku lissafa da kanku. Na hau rufin da ya fi kaskon masa zafi. Akwai wani gida a nan Gwadangaji da na sauko na bar takalmina na roba a sama, ya narke ya zama ɗan gida. Har yau in kun bi ta layin za ku hango shi.

Abu na farko da ba ku sani ba, aikin nan na mutum biyu ne: mai bisa da mai ƙasa. Mai bisa shi ke kan rufi, yana juya farantin a hankali yana neman tauraron da ko ungulu ba ta taɓa ganinsa ba. Mai ƙasa kuma yana ɗaki gaban talabijin, yana ɗaga murya yana faɗin abin da allo ya nuna. Na bisa yana da hannu ba ido, na ƙasa yana da ido ba hannu. In ɗaya ya yi ƙarya, ɗayan ya wuni a rana.

Ina da shekara goma sha uku Babana ya kawo ni daga Zauro ya damƙa ni ga Oga Lawwali, mai shagon dish a bakin titi. Wata uku ban taɓa sifana ba. Tsani kawai nake ɗauka, wani tsani da ya girmi Babana, wanda matakinsa na huɗu ya riga mu gidan gaskiya tun kafin a haife ni. Bayan haka aka ba ni jaka: sifana, filaya, guduma, tef, da ƙusoshi a gwangwanin madara. Oga ya koya mini juya faranti da faɗin farce. Ba na yatsa ba, na farce. Ka matsa shi kaɗan, ka ƙirga uku, ka tambayi na ƙasa. Duk wanda ya juya kamar yana tuƙa tuwo zai wuce tauraron sau ɗari bai sani ba.

Aikina na farko a bisa, a wani gida ne cikin tsohon gari, kuma a nan na koyi abin da ya fi sifana muhimmanci. Kafin ka taka tsani sai ka yi kira sau uku, "Za a hau bisa!" don matan maƙwabta su kimtsa. Ni ɗoki ya hana ni. Kaina na leƙawa saman katanga, wata baiwar Allah da ke wanka wa 'ya'yanta a tsakar gida ta auno ni da ludayi. Ban san da wa ta koyi saiti ba, amma da za a ba ta dish da ta gama da mu a kasuwa. Kwana huɗu ina yawo da ƙulu a goshi, Oga yana nuna ni ga kwastomomi yana cewa ga sabon samfurin eriya.

Mai ƙasana Bashar ne. Tare muka shiga shagon. Shi tsoron tsani yake yi, ni kuma ba na iya zama wuri ɗaya, sai Oga ya raba mana gado. Bashar yana da murya kamar lasifikar masallacin Juma'a. Daga ƙuryar ɗaki zai ce, "Ya ɗauke! Koma kaɗan! Ya kawo! Tsaya nan, kada ka yi numfashi!" har kajin unguwa su tsaya cak. Kowace risiba da ta fito daga shagonmu, Oga yakan sa wata tashar wasanni ta Turawa a lamba ɗaya, don ita ce mai taurin kai. In ta kawo, sauran duk sun kawo. Bashar kaɗai ya san abin da ake nunawa a cikinta. Ina ɗaure noti yana ba ni labari ta taga, rabi gaskiya rabi ƙarya, wai ga wani Bature yana tsere da keke ya wuce jirgin sama. In na sauko, ni ke naɗe waya a waje shi yana jera wa masu gida tashoshi. Shekara uku na sa hoto a gidajen da ba su ƙirguwa, ban zauna na kalli ko ɗaya ba.

Sai shekarar annoba ta zo. Mutane suka daina son baƙo a gida, samari suka koma kallo a waya, masu gidajen kallon ƙwallo suka rufe. Mu biyar ne yaran shago, muka koma biyu. Sai mu wuni muna goge farantan da ba su yi datti ba. Wata safiya Bashar ya hau tirelar albasa ta kawunsa zuwa Legas, ya ce sati biyu zai yi. Ya bar mini hularsa a ƙusa. Sati biyun nan har yau ba su cika ba.

Na gwada yaran gidajen da nake zuwa. Wani ya ce ya kawo alhali allo baƙi ƙirin, don kawai ya gaji. Wani ya tafi aiken uwarsa ya bar ni ina tambayar ɗaki babu kowa har rabin awa. Aiki uku a jere na dawo ban kawo hoto ba. Rana ta huɗu, ana tsakiyar aikin shinkafar rani, Oga ya kira ni.

"Sanusi, zauna. Mai bisa da ba shi da mai ƙasa rabin ma'aikaci na. Ni gwiwata ta ƙi tsani, kuma ba ni ruhe shago in bi ka in riƙa yi maka ihu. Babanka ya aiko sau biyu, shina son mai tsaron injin ban-ruwa. Ga aiki guda a Argungu. In ka kawo hoto, ka zauna. In ka kasa, ka kawo mini jakata ka tahi gona."

Ku da ba ku san tsaron injin ban-ruwa ba, zama ne daga safe har yamma, kai da inji da sauro. Sauron fadamar Zauro kuwa in biyu suka haɗa kai suna iya ɗaga ɗan akuya. Na ɗauki jaka na tafi tasha.

Gidan na Argungu yana can gefen gari wajen gulbi, na wata tsohuwa da ake kira Inna Kulu. Ɗanta yana aiki a Fatakwal, shi ya aiko da talabijin da risiba, ya sa aka ɗaura mata sola. Ita kaɗai ce a gidan, sai akuya ɗaya da kaji.

"Ya ce a sa mini abin ga don in riƙa jin muryar mutane cikin gida," in ji ta. "Na ce mishi akuya ma tana magana, bai ji ba."

Na leƙa waje neman yaron da zai yi mini mai ƙasa. Babu ko ɗaya, duk suna Islamiyya ko fadama.

"Wa kaka nema?"

"Wanda zai duba mini allo, Inna."

"Ni makauniya ta?"

Na aro tsani a maƙwabta, na kafa farantin a kan ɗakinta don itacen tsakar gida zai tare shi in na kafa a ƙasa, na ja waya ta taga. A nan na yi kuskuren da ya kusa kai ni Zauro. Tsakanin risiba da talabijin waya uku ce: rawaya ta hoto, ja da fara na murya. Don sauri, rawayar kaɗai na soka. Na zaunar da Inna a tabarma na ce, "In kinka ga mutane, ki ce ya kawo. Shi ke nan aikinki."

Na yi kira sau uku za a hau bisa. Akuya ce kaɗai ta amsa. Daga saman ɗakin ana ganin fadama shimfiɗe kore shar, da gulbi, da masu kwalekwale ƙanana kamar ƙudaje a bakin ƙwarya. Mai bisa yana ganin kowa, babu mai ɗaga kai ya gan shi. Na sassauta noti na fara.

"Inna, ya kawo?"

"Baƙi ƙirin!"

Faɗin farce. Ɗaya, biyu, uku.

"Yanzu fa?"

"Baƙi!"

Ban yi minti goma ba ta ce, "Hwari hwat!"

"Da mutane?"

"Babu mutane."

A iya sanina, allo ko dai baƙi ne da ɗan rubutu, ko hoto. Fari kam sai dai in wani abu ya lalace. Na wuce wurin. Na share sama daga gabas zuwa yamma, na ɗaga farantin na sake sharewa, na sunkuyar da shi na sake. Duk lokacin da na biyo ta wannan kusurwa sai ta ce fari, in na tambayi mutane ta ce babu. Sau biyu na sauko, amma da yake na riga na kawar da farantin, baƙin allo nake tararwa. Na yanke bakin waya na sake ɗaurawa. Na hure risiba. Na yi mata addu'ar da ake yi wa marar lafiya.

Aka kira la'asar na sauko na yi salla, Inna ta miƙo mini fura a kofi, na hau da ita sama na sha. Kwano ya gasa ni ta ƙasa, rana ta gasa ni ta sama, da za a barbaɗa mini yaji da an sayar da ni a tasha. Na ciro waya na kira lambar Bashar. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Na mayar da ita aljihu, na juya na ce wa farantin, "Kai dai ka faɗa mini gaskiya, me na yi maka?" Can ƙasa a fadama ina jin wani injin ban-ruwa yana tatata, kamar yana kiran sunana.

Sai na ce, kafin in mayar wa Oga jakarsa, bari dai in ga farin nan da idona. Na mayar da farantin wannan kusurwa har ta ce fari, na ɗan murɗa noti da hannu, na sauko.

Na tarar da Inna ta ja tabarma har bakin ƙofa, carbi a hannu ɗaya, tsumma a ɗayan. A allo kuwa ga hoto tar, wanda ban taɓa kawo mai kyansa ba. Wani ƙaton tudu ne fari fat daga sama har ƙasa, sai ga wata halitta da hular kwano da ƙaton gilashi ya rufe mata rabin fuska.

"Inna! Ai ga shi ya kawo! Tun yaushe?"

"Tun hwarko."

"To don me kinka ce babu?"

"Kai kac ce mutane. Waɗanga mutane na? Dibi idanunsu awa na kwaɗo, ga ƙahwahu sun hi tabarya tsawo. Na ce in na hwaɗa maka ka razana ka hwaɗo, mi zan ce ma uwarka?"

"Tsumman fa?"

"In sunka yi nisa sai su koma tururuwa. Na goge, sun ƙi hita."

Na zauna daɓas a ƙasa. Awa uku. Na jawo ja da fara na soka, sai muryar wani Bature ta cika ɗakin har kaji suka watse. Turancina na makaranta bai kai ya kawo ba, amma mutumin ya maimaita maganar har jaki ma zai gane. Farin nan dusar ƙanƙara ce. Gasar duniya ake yi ta wasannin lokacin sanyi, kuma wannan ne karo na farko da aka bar mata su yi tsalle daga babban tudu a gasar, bayan maza sun daɗe suna yi su kaɗai. Wuraren zaman 'yan kallo duk wayam, annoba ta hana kowa zuwa.

Ga yadda abin yake, don na san ba ku taɓa gani ba. Akwai wata hasumiya a kan dutse, ku ɗora ta masallacinmu goma a kan juna. A can ƙoli mutum zai zauna a kan ɗan katako shi kaɗai, an ɗaura masa dogayen alluna biyu a ƙafa. Ba zai motsa ba, sai ya juya yana kallon wani mutum can nesa a gefe mai riƙe da ɗan ƙyalle. Da mutumin ya sauke ƙyallen, sai ya saki katakon ya durƙusa kamar kaza a kan ƙwai, ya sulalo da gudun da ko direban Sakkwato bai isa ba. Inda hanyar ta ƙare sai ya tashi. Allunan su buɗe kamar almakashi, ya kwanta a kan iska, ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya, har ka ce ya manta da ƙasa. Sannan ya dira da gwiwa ɗaya a lanƙwashe.

Wadda muka kalla ta tsaya a ƙasa ta ɗaga gilashin. Sai ga fuskar yarinya, kumatu jajur, tana haki.

"La ilaha illallahu! Ɗiya mace ta!" Inna ta saki tsumma. "Ɗiyar wa ta? Ina uwatta, tab bari ta hau can?"

"Sai da sunka roƙa ma anka bar su, Inna."

"Roƙo? A hau can? To wancan mai ƙyallen mi shika yi?"

"Iska shika duba mata. Ita ba ta ganin komai daga can."

"Allah sa ya hi ni gani."

Ta jawo tabarma gaba, ta turo mini faranti da gyaɗa. Muka kalli ta biyu, ta uku, ta goma. Kowacce in ta zauna a katakon Inna sai ta ce, "Bismillah, ɗiyata," in ta dira ta ce, "Sannu." Wata ta ɗan yi tangaɗi wajen sauka, Inna ta kama gwiwata ta matse har yau wurin yana tsami in hadari ya taso. Ban taɓa zama a ɗakin kwastoma ba sai ranar.

Muna cikin haka hoton ya fara tsattsagewa gida-gida. Iskar yamma ta taso daga gulbi, kuma notina da hannu kawai na murɗa su. Baturen yana cewa saura kaɗan, gwanayen ne a ƙarshe. Amma in iska ta juya farantin ga magariba ta kawo kai, ba ni da sauran rana da zan sake nema, kuma gobe ina Zauro.

Ku ji wannan da kyau, don a nan ake gane ma'aikaci. Samun tauraro ba shi ne wahala ba, ɗaure shi. Duk notin da ka matse yana jan farantin gefensa. Sai ka matse na dama kwatan zagaye, ka matse na hagu kwata, ka tambaya, ka sake. A nan aka fi bukatar mai ƙasa.

"Inna, yanzu kin yarda waɗanga mutane na?"

"Na yarda. Hau, kada ka ɓata mini lokaci."

Na hau. Kwata a dama.

"Ya tsage! Mi kat taɓa? Mayar!"

Kwata a hagu.

"Ya dawo! Bar shi nan! Ga wata ta zauna. Kai, mai ƙyalle, diba da kyau, ɗiyar mutane ta! Ta taho... ta taho... Ta tashi!"

Tsohuwar nan da ƙyar ake jin sallamarta da rana, sai ga murya har bakin gulbi. Maƙwabta suka fara leƙowa ko shaho ne ya ɗauki kaza. Ni kuwa ina sama da sifana a hannu, rana tana faɗawa cikin fadama, gabana babu komai sai bayan faranti mai tsatsa. Kwata, kwata. Ta ce wata ta sauka kusa, ta ce wata ta wuce ta. Na matse na ƙarshe har sifana ta ƙi motsi, na girgiza farantin da hannu biyu.

"Ya motsa?"

"Bai motsa ba! Yi shiru! Ta tashi, ta tashi... wayyo ni Kulu, ta ƙi sauka!"

Sai guɗa.

"Inna, wa tac ci?"

"Wadda tac ci mana! Ga ta nan ana ta rungumatta!"

Na tattara kaya na sauko da sauri har na kusa tsallake mataki biyu. Ina shiga ɗaki na tarar ana tallar tayar mota. Ban ga tsallen ba, ban ga fuskar yarinyar ba, har yau. Na jera wa Inna tashar karatu da ta wasan Hausa, na nuna mata maɓallan rimot uku da za ta riƙa taɓawa. Da zan mayar da tashar wasannin can ƙarshe ta riƙe hannuna. "Bar mini ɗiyan ga kusa," in ji ta. Ta ƙulle mini sauran gyaɗar a leda, na kama motar Birnin Kebbi.

Da safe na ajiye jaka a gaban Oga. Ɗan Inna ya riga ya kira shi. Bai ce sannu ba, bai ce madalla ba. Ya jawo aljihun tebur ya ciro wani ɗan abu kamar sabulun wanka, mai allura a fuska.

"Mita ta. Ka haɗa ta da waya a bisa, in ka kusa tauraro sai ta yi fito. Ba ka bukatar kowa a ƙasa."

"Oga, tun yaushe take nan?"

"Tun kahin ka zo."

"Shekara uku! Awa uku jiya ina gasuwa!"

"Wanda bai iya da wahala ba, mita lalata shi takai. Ɗauki jakarka, akwai aiki bayan asibiti."

Haka na tsira daga sauron Zauro. Kuma mitar nan gaskiya ce da ita. Minti goma na gama. In hau, ta yi fito, in ɗaure, in sauko, in ce an gama, a ce an gode. Sati na farko na yi gida tara, in aka tara maganar da na yi da mutane a cikinsu ba za ta cika cokali ba.

A sati na biyu aka tura ni wani gida a Gulma. A zaure na wuce wani dattijo zaune a kan buzu, yana kallon bango. Na kafa faranti, na ja waya, na soka rawaya da ja da fara. Sai na dawo zauren na durƙusa na ce, "Baba, mitata ta lalace. Ko za ka taimaka ka duba mini allo?" Ya tashi da sanda. Awa ɗaya da rabi muka yi, ya zage ni sau huɗu, ya ba ni labarin ambaliyar da ta cinye masa gona ta taga, tun daga farkonta har ƙarshe.

Mitar tana aljihuna, lafiyarta ƙalau. Tun daga ranar takan lalace kamar sau biyu a sati. Oga bai sani ba.